Metotireksat da amosanin gaɓɓaina: sharhin mai shan sa duk mako

Idan maki ake bayarwa, metotireksat ya ci huɗu cikin biyar a wurina. Ɗayan da na hana shi na watannin farko ne, lokacin da yake ɗora wa mutum wahalarsa tun bai nuna masa amfaninsa ba. Na jima ina kan sa saboda amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, ciwon da garkuwar jiki ce da kanta take afka wa shimfiɗar cikin gaɓɓai, ta kumbura su, sannu a hankali ta cinye guringuntsi da bakin ƙashi. Daban yake da ciwon gwiwar tsufa. Nawa daga yatsu da wuyan hannu ya fara, dama da hagu lokaci guda, kuma safiya ce abar tsorona: in tashi hannuwa a sanƙare, in fi awa ban iya dunƙule su ba. Sa maɓallin riga ya zama aiki, murza makulli kuwa sai na haɗa hannu biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 18 ne ke da wannan ciwo, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Takardar cikin kwalin ce ta fara tayar mini da hankali, don layin farko ma ciwon daji ta ambata. Gaskiya ne, daga can maganin ya fito. A ƙarshen shekarun 1940 aka haɗa shi a ɗakin binciken kamfanin Lederle a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Yellapragada Subbarow, ɗan asalin Indiya. A 1948 likita Sidney Farber na birnin Boston ya ba da rahoton yadda wani ɗan'uwan maganin, aminofterin, ya lafar da dajin jini a jikin yara. A 1951 aka jarraba wannan ɗan'uwan nasa kan masu amosanin gaɓɓai, aka ga alamun sauƙi, amma zamanin ne kotizon, wani maganin kumburi, yake tashe, duniya ta karkata can. Likitocin gaɓɓai sun daɗe suna ɗari-ɗari da metotireksat, har sai da Michael Weinblatt da abokan aikinsa suka fitar da gwajinsu a 1985, inda aka kwatanta shi da ƙwayar da ba magani a cikinta. A 1988 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo. Yau shi ne maganin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da na Amurka suka ce a fara da shi.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne awo. Mai ciwon daji ana iya ɗura masa miligiram ɗaruruwa ko dubbai ta jijiya, mu kuwa tsakanin 7.5 da 25 muke sha, sau ɗaya a mako. A wannan ɗan awon aikinsa ma ya sha bamban. Binciken Bruce Cronstein na Jami'ar New York ya nuna yana sa ƙwayoyin jiki su saki wani sinadari, adenosin, mai lafar da kumburi. Kuma maganin ba ya daɗewa a jini, amma wanda ya shiga cikin ƙwayoyin jiki yana maƙalewa a can ya taru, kamar ɗigon ruwa cikin randa. Wannan ne dalilin da ya sa sau ɗaya a mako ya wadatar, shi ne kuma dalilin nawarsa. Ana cewa a ba shi mako 6 zuwa 12 kafin a fara jin bambanci, cikakken amfaninsa kuma yana iya kai wa wata shida.

Maganar "sau ɗaya a mako" ba ta wasa ba ce. Mai ba da magani da ya miƙo mini kwalin farko bai sake shi ba sai da ya kama biro ya rubuta sunan ranar a jikinsa da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Hajiya, wannan ba irin na safe da yamma ba ne. Rana ɗaya tak, ko da ciwon ya tashi." Mutane sun rasa rayukansu saboda sun sha shi kullum bisa kuskure, ɓargo ya daina yin jini. Abin ya yi yawan da a 2019 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fito da sababbin matakai na hana wannan kuskuren. Akwai kuma tarko na biyu: ƙwayar tana zuwa a miligiram 2.5, tana kuma zuwa a 10. Wanda ya saba ƙirga ƙwaya shida, aka canza masa kwali bai duba ba, ya sha ninki huɗu ke nan. Ni duk sabon kwali sai na karanta lambar.

Sai wahalar. Tashin zuciya ne kan gaba, ba mai sa amai ba, irin wanda yake zaune a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Washegarin shan maganin kuwa jiki a mace, kai ya yi nauyi, in karanta layi ɗaya sau da yawa ban kama ma'anarsa ba. Gyambo ya fito mini a cikin leɓe. Gashi ya ƙara zuba a matsefi, ko da yake bai kai a gane ba. Wani abin mamaki kuma, ƙwayar ruwan ɗorawa ce, to bayan ɗan lokaci ganin launin kawai, tun ban kai ta baki ba, sai zuciyata ta fara tashi. Na ɗauka ni ce da raki, ashe abu ne sananne da masu bincike suka rubuta a kai, musamman a wurin yara masu amosanin gaɓɓai. A wannan tsakanin hannuwana suna nan yadda suke. Ɗan firednisolon, maganin kumburi mai saurin aiki da aka haɗa mini na wucin gadi, shi ne yake riƙe da ni. Nan ne na fahimci dalilin da ya sa mutane da yawa suke ajiye maganin su ce bai karɓe su ba.

Hujjata ta rubuta wannan sharhi ita ce kusan duk abin da na lissafa yana da gyara, kuma an yi bincike a kan gyaran. Na farko folik asid. Metotireksat yana tare hanyar wannan sinadari a jiki, shi ya sa ake haɗa su, ko miligiram 5 a mako a wata rana daban, ko ɗan kaɗan kullum. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a baya, ya nuna haɗin yana rage matsalar ciki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yana rage hauhawar sinadaran hanta da kusan kashi uku cikin huɗu, ba tare da an ga ya rage ƙarfin maganin ba. Da likita ta ƙara mini folik asid, gyambon baki ya tafi bai dawo ba. Na kuma mayar da shan maganin dare, gab da kwanciya, a daren da washegarinsa ba ni da aiki, barci ya cinye rabin tashin zuciyar.

Na biyu allura, kuma a nan ne ra'ayina ya juya gaba ɗaya. Hanji yana da iyakar abin da yake iya tsotsa: da zarar awo ya haura miligiram 15, ƙarin da aka sha ta baki ba duka yake shiga jini ba. Ta ƙarƙashin fata kuwa babu wannan shingen. Wani gwaji da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2008, ya kwatanta hanyoyin biyu a awo iri ɗaya, ya samu kashi 78 cikin ɗari na masu allura sun ji sauƙin da ake aunawa, masu ƙwaya kuma kashi 70. Tazarar ba ta da yawa a takarda. A jikina ta yi yawa. Allurar ƙarama ce, a cinya ko a fatar ciki, mutum yana yi wa kansa bayan ma'aikaciyar jinya ta nuna masa. In tsunkulo fata, in soka, in danna, in ƙirga kaɗan, shi ke nan. Tashin zuciya ya ragu sosai, kasalar washegari ta rage saura. Ruwan allurar shi ma ruwan ɗorawa ne, don haka har yau kau da kai nake yi.

Sauƙin bai zo da sanarwa ba. Wata rana ce na lura na gama shiri na fita ban tuna da maɓalli ba. Zobe da ya daina shiga yatsa ya koma shiga. A asibiti akwai awon da ake yi: likita ta latsa gaɓɓai 28 ɗaya bayan ɗaya ta ƙirga masu zafi da masu kumburi, a haɗa da gwajin kumburi na jini da yadda mai ciwon yake jin kansa, a fitar da maki. Ƙasa da 3.2 ciwo ya lafa, ƙasa da 2.6 ya kwanta. Nawa ya sauko ƙasa da 3.2, wani lokaci yakan taɓa na biyun. Hoton ƙashin hannuna bai nuna sabuwar ɓarna ba, kuma wannan ya fi mini komai, don abin da ciwon ya riga ya cinye ba ya dawowa.

Ba kowa ne yake dacewa haka ba, kuma zan yi rashin adalci idan na ɓoye. A wani babban gwaji na ƙasar Suwidin, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ciwonsu ya lafa da metotireksat shi kaɗai bayan wata uku zuwa huɗu. Saura sai da aka ƙara musu wani abu. Abin lura shi ne ba a cire shi ake yi ba, a kan sa ake ɗora ƙarin. Gwajin James O'Dell na 2013 ya nuna cewa haɗa shi da tsofaffin magunguna biyu, sulfasalazin da haidiroksikulorokwin, bai gaza haɗa shi da allurar zamani ta etanasef ba. Su kansu alluran zamanin galibi sun fi aiki idan yana tare da su.

Akwai wurin da nake ganin masoyansa suna zuzuta shi. A 2002 wani nazari da ya bi masu wannan ciwo fiye da dubu a Amurka ya ga masu shan metotireksat sun fi tsira, musamman daga mutuwar ciwon zuciya. Sai aka fara tunanin ko maganin zuciya ne a ɓoye. Paul Ridker da tawagarsa suka gwada shi kan mutane kusan 4,800 masu matsalar zuciya waɗanda ba su da amosanin gaɓɓai, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna bai rage toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Ni abin da na ɗauka shi ne kashe kumburin ciwon ne yake taimakon zuciyarmu, ba wani sirri a cikin ƙwayar ba.

Abin da har yanzu yake gundurata shi ne gwajin jini. Kafin a fara sai an duba hanta, ƙoda, yawan jini da ciwon hanta nau'in B da C, a ɗauki hoton ƙirji. Da farko duk mako biyu zuwa huɗu ake komawa, daga baya duk wata biyu ko uku, kuma ba ranar gamawa. Sai dai ranar da sinadaran hantata suka ɗan hau, ni ban ji komai a jikina ba, gwajin ne ya gani, aka rage awo na ɗan lokaci suka sauka. Wanda ya san ba zai iya bin gwajin nan ba, ya faɗa wa likita tun farko. Haka mai raunin ƙoda, don ta can maganin yake fita, in ta yi rauni sai ya taru. Barasa ba ta jituwa da shi. Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ma haka, kuma wannan ya kamata kowa ya haddace, don magani ne da ake yawan rubutawa, haɗuwarsu kuwa tana iya durƙusar da ɓargo. Busasshen tari da sarƙewar numfashi ko zazzaɓi ba abin jira ba ne, a dakata da maganin a ga likita. Mace mai neman haihuwa kuma dole ta tsara da likita tun kafin ciki, don yana zubar da ciki, yana nakasa jariri, kuma ba a shan sa ana shayarwa. Ko rigakafi akwai dabararsa: bincike a Koriya ta Kudu ya nuna tsayar da shi na mako biyu bayan allurar mura yana sa rigakafin ya fi kamawa, irin haka aka samu a Birtaniya a 2022 da allurar korona. Ni ba na tsayarwa sai likita ta ce.

Da na ga na samu lafiya, na tambaye ta ko lokacin dainawa ya yi. Ta ce, "Hajiya, ciwon kwantawa ya yi, ba tafiya ya yi ba. Yawancin waɗanda suka yanke maganin gaba ɗaya yana tasar musu." Abin da ta yarda da shi shi ne idan makin ya zauna ƙasa da 2.6 na aƙalla wata shida, za mu rage awon kaɗan mu ga yadda gaɓɓan za su amsa. Nawa bai zauna ba tukuna, wuyan hannun dama yana ɗan kumbura lokaci-lokaci, don haka muna nan a kan awon da muke.