Canon SX740 HS ko G7 X Mark II, wacce za ka ɗauka?

Ɗan'uwa da ka ce kuɗin kyamara ɗaya gare ka, ka rasa wacce za ka zaɓa tsakanin Canon SX740 HS da G7 X Mark II, kuma burinka hawan sallah ne da tsuntsaye sai hoton iyali in an taru, to ga yadda nake ganinsu.

Da farko ka cire maganar megafiksal a ranka, duk biyun 20 ne da ɗan ɗoriya, mai shago zai ta nanata maka amma ba nan gizo ke saƙa ba. Bambancin yana wajen sensa, wato abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da zum, wato jawo abin da ke nesa. G7 X ɗin da ta fito a 2016 sensarta inci 1 ce, girmanta ya ninka ta SX740 kusan sau 4, ga idonta, wato gilashin gaba, yana buɗewa har f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin ya fi shigar da haske), shi ya sa ko bayan magariba ne a tsakar gida da ƙwan lantarki ɗaya fuskokin yara sai su fito tas ba sai ka kunna filasha ba. Ita kuwa SX740 daga f/3.3 take farawa, kana jawo zum idon na ƙara tsukewa har f/6.9, da haske ya ragu sai hoto ya fara yashi-yashi, wanda ya motsa kuma ya fito dishi-dishi.

Amma fa wajen nisa ba a haɗa su. G7 X iyakarta 100mm, zum sau 4 da ɗan kai. SX740 ta 2018 sau 40 take jawowa, har 960mm. Kana can bayan cunkoso a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, dogarai sun hana kowa matsowa, daga inda kake tsaye za ka jawo mahayi har ka ga aikin alkyabbarsa da adon linzamin doki, wallahi wayarka ba za ta yi maka wannan ba, haka tsuntsun da ke ƙolin kuka ma. Sai dai in zum ya kai ƙarshe ɗan rawar hannu kaɗan ke lalata hoto, ka manna gwiwar hannunka a jiki ko ka jingina da bango, ka juya ta zuwa Tv, inda kai kake zaɓar saurin ɗaukar hoto, ka sa 1/1000 na daƙiƙa in dawakai sun zo a sukwane. Kuma da yake hawan Daushe da yamma ake yi, ka ɗauki mafi yawan hotunanka tun rana ba ta yi sanyi ba.

Sauran ƙananan abubuwa, G7 X tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ga mai son zama ya gyara hoto a kwamfuta kuma sikirin ɗinta na taɓawa ne, SX740 JPEG kawai amma tana bidiyon 4K wanda waccan ba ta yi. Batirinsu iri ɗaya ne, NB-13L, hoto wajen 265 yake ɗauka, don haka ka sayi na biyu tun a shagon.

Ni dai a naka yanayin SX740 zan ce ka ɗauka. Hoton iyali wayar hannunka za ta rufa maka asiri, nisa ne ba za ta iya ba. Ga shi G7 X ta yi tsada sosai tunda masu TikTok suka far mata, ko ta hannu ba ta da sauƙi yanzu.

In ta hannu za ka saya, ka kunna ka kashe ka saurari fitar idon, in ka ji ƙarar gurza ko yana cijewa ka ajiye musu abinsu. Ka jawo zum ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka duba ko akwai baƙin tabon da ke maimaituwa wuri ɗaya, ƙura ce ta shige ciki, fitar da ita kuma sai an kwance kyamarar. Duk biyun ba a yi musu kariyar ƙura ba, don haka da hunturu kana gama ɗauka ka kashe ta ka mayar jaka, kar ka goge idon da bakin riga.