Hattara da Jabun Baƙin Mai da Ake Kawowa Har Ƙofar Gida

Wannan gargaɗi ne ga masu mota, musamman waɗanda suka koma yin juye, wato canza baƙin man inji, da kansu a gida domin gudun tsada ko gudun ha'incin wasu makanikai. Akwai masu tallata baƙin mai a Facebook da zaurukan WhatsApp, suna nuna hoton galan-galan na manyan kamfanoni jibge a ɗaki, suna cewa kayan gwanjon kwastan ne ko kuma ragowar wata kwangila ce da ba a ƙarasa ba, saboda haka suke sayarwa ƙasa da farashin gidan mai, kuma su kawo maka har gida. Da yawa daga cikin waɗannan galan-galan na gaskiya ne, amma abin da ke cikinsu ba shi ne abin da kamfanin ya zuba ba.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin juye ya yi tashin gwauron zabi, domin tushen man da kamfanoni ke haɗa baƙin mai da shi daga waje ake shigo da mafi yawansa, kuma matatar Kaduna da aka gina da sashen samar da shi ta daɗe ba ta aiki. Sai na sayi sifana da jak da roba mai faɗi ta tarar mai, na koyi kwance notin ƙasan inji da canza filta, na ci gaba da yi wa Corolla ɗina juye da hannuna a ƙofar gida. Aikin ba shi da wahala, kuma motar ba ta cin fiye da lita huɗu da 'yan kai. Da na ga tallar wani mutum mai sayar da irin man da na saba a kusan rabin kuɗinsa, sai na tura masa kuɗin galan biyu, wani yaro a kan babur ya kawo mini da yamma, babu rasit, babu adireshin shago.

Makonni biyu na farko ban ga komai ba, kuma a nan ne ƙarfin wannan damfara yake, domin jabun mai ba ya nuna kansa ranar da aka zuba shi. Daga baya sai injin ya fara ƙara da safe, sannan fitilar mai ta fara ƙiftawa idan motar ta yi zafi tana silo a cikin cunkoso. Da makanikina ya buɗe murfin saman injin, sai muka tarar da wani baƙin dasƙararren abu kamar kwalta ya liƙe ko'ina, ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta kuma ta kusa toshewa. Allah ya taƙaita, injin bai buga ba, amma abin da na kashe wajen wanke shi da canza metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ya ninka rangwamen da na yi murnar samu sau da yawa. Lambar mai sayarwar kuwa ta daina shiga, shafinsa ya canza suna ya koma tallar wani kayan dabam.

Ya kamata a fahimci yadda suke yi, domin wanda ya san hanyar ɓarawo shi ke iya tare ta. Sahihin baƙin mai haɗi ne na tushen mai da wasu sinadarai da ake ƙara masa: akwai mai wanke datti ya riƙe shi a cikin man har filta ta tace, akwai mai ɗauke da zinc wanda ke kare ƙarfe daga cin ƙarfe, akwai mai hana man tsinkewa idan zafi ya yi yawa, akwai mai hana tsatsa da kumfa. Waɗannan sinadarai su ne ɓangare mai tsada, kuma su ne 'yan algus ke tsallakewa. Wasunsu suna ɗura tushen mai zalla, su sa masa launi. Wasu kuwa suna bin garejin makanikai suna sayen tsohon man da aka juye daga motoci da janareto, su bar shi ya kwanta, su tace, wani lokaci su wanke shi da asid da wata irin laka har baƙinsa ya washe, sannan su ƙara masa abin da zai sa ya yi kauri. Ido zai ga mai garai-garai, alhali ƙarfinsa ya riga ya ƙare a cikin wani injin.

Maganar kauri tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda ita ce ta fi yaudarar mutanenmu. An saba a ɗiga mai a tsakanin yatsu biyu a ja, idan ya yi yauƙi a ce mai kyau ne. Wannan gwaji ba ya tabbatar da komai, kuma 'yan jabu sun san muna yin sa. Lambar da ke nuna kaurin da ya dace tana rubuce a littafin motar ko a kan murfin zuba mai: tsofaffin injina da dama suna tafiya da 20W-50, amma yawancin motocin zamani 5W-30 ko 0W-20 suke so, wanda a hannu yake kama da ruwa-ruwa. Injin da ke da VVT-i, wato tsarin Toyota na daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, yana da siraran hanyoyin mai da matsin man ne ke sarrafa su, saboda haka mai kauri marar sinadarin wanki yana toshe su da wuri.

Abin da ya fi ba ni haushi da na bincika shi ne gano inda suke samun galan. Daga hannunmu suke samu. Masu yawo unguwa-unguwa suna sayen fankon galan na baƙin mai, kuma sukan fi biyan kuɗi mai kyau idan takardar jikinsa ba ta yage ba kuma murfinsa na nan. Ba duka ne ke da mugun nufi ba, wasu robar kawai suke so, amma wanda ya nace sai galan mai lafiyayyar takarda da murfi, to akwai dalilin nacewarsa. Mai juye a gida shi ne ya fi kowa fitar da galan mai tsabta, domin nasa bai yi birgima a dattin gareji ba. Na sha sayar da nawa a baya ba tare da na yi tunani ba, kuma ba mamaki wanda aka kawo mini a babur irin wannan hanyar ya bi.

Kafin mutum ya zuba mai a injinsa, ya duba zoben da ke ƙarƙashin murfi, ya ga ko a haɗe yake ko an manne shi da gam, sannan ya duba farar takardar gwangwanin da ke rufe bakin galan, domin ta kamfani a shafe take sumul, ta jabu kuwa sau da yawa takan yi tattara ko ta ɗago a gefe. Ya nemi lambar rukunin da aka haɗa man da ranar haɗa shi, waɗanda inji ke bugawa a jikin roba. Man da aka haɗa a Najeriya ya kamata ya zo da tambarin MANCAP, wato shaidar inganci ta hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, kuma a jikin galan za a ga matakin ingancin man bisa ma'aunin API, wato cibiyar harkar mai ta Amurka, kamar SL ko SN ko SP wanda ya fito a 2020. Sai dai duk waɗannan ana iya kwaikwayonsu, ballantana idan galan ɗin ma na asali ne. Don haka sai a ƙara da duba man kansa: a tsiyaya kaɗan a farin kofi a ɗaga shi ga haske, a shinshina ko yana warin ƙuna ko na gas, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda a bar shi ya kwana, domin tsohon mai yakan bar duhu a tsakiya. Idan an ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi ya yi ƙara kamar ana suya, akwai ruwa a cikinsa. Idan galan ya ƙare kuma, a leƙa gindinsa a ga ko akwai laka.

Filta ma ba ta tsira ba, kuma masu wannan talla sukan haɗa ta kyauta don su ja hankali. Ta jabu ba ta da nauyi, takardar cikinta kaɗan ce, kuma robar da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota ba ta riƙewa, shi ya sa injin ke tashi a bushe da safe yana ƙara.

A nawa ganin, babu gwajin da ya kai sanin inda aka sayi man. Gidan mai na kamfanin da ya yi shi, ko dilan da ke da shago tsayayye wanda zai ba ka rasit mai ɗauke da sunan man da lambarsa, shi ne wanda za ka iya komawa gare shi gobe. Wanda aka riga aka cuta ya ajiye galan ɗin da ragowar man da shaidar tura kuɗi da hoton tallar, ya kai ƙorafi ofishin SON na jiharsa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ya kuma sanar da kamfanin da aka yi amfani da sunansa. Idan man yana cikin injin, kada ya jira lokacin juye ya cika, ya zubar da shi a ranar tare da filtar, ya zuba sahihi, sannan ya sake juye da wuri fiye da yadda ya saba don sauran dattin ya fita. Ni dai yanzu duk galan da na gama da shi sai na tsaga shi da wuƙa gida biyu na yage takardarsa kafin ya bar gidana, tsohon man kuma ba na sayar wa wanda ban san abin da zai yi da shi ba.