Sharhi Kan Wasan Flatfoot 56 a Shikago

Flatfoot 56 na cikin ƙungiyoyin makaɗan da faifansu ba ya fito da su yadda suke, domin duk wanda sauraro kawai ya yi a waya ko a mota bai ga rabin abin da suka iya ba. Wannan ne hukuncin da na yanke bayan na halarci wasansu a wani ƙaramin zauren kiɗa da ke birnin Shikago, inda nake zaune tun zuwana Amurka. Na daɗe ina sauraronsu, kuma su ne na fi so a cikin masu kiɗan pank na Kirista, saboda haka mai karatu ya san cewa masoyi ne ke magana. Duk da haka akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba a wannan dare, kuma zan faɗe su a inda suka dace.

Ƙungiyar 'yan gida ɗaya ce a asalinta. 'Yan'uwa uku, Tobin da Justin da Kyle Bawinkel, su ne suka kafa ta a shekarar 2000 a kudancin Shikago, Tobin yana waƙa da kaɗa jita, Justin yana kan ganguna, Kyle kuma yana riƙe da jitar bes mai kaurin murya. Salonsu reshe ne na kiɗan pank, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970 a New York da Landan ta hannun ƙungiyoyi irin su Ramones da Sex Pistols, kiɗa mai sauri da gajerun waƙoƙi da ɗaga murya, wanda matasa marasa galihu suka riƙe domin nuna fushinsu ga masu mulki da masu kuɗi. Daga baya ƙungiyar The Pogues, wadda aka kafa a Landan a 1982, ta haɗa wannan kiɗa da waƙoƙin gargajiya na mutanen Ailan, sannan Dropkick Murphys da Flogging Molly suka yaɗa haɗin a Amurka a shekarun 1990. A wannan layi Flatfoot 56 suke, kuma Shikago wuri ne da ya dace da su, domin baƙin da suka zo daga Ailan sun cika unguwannin kudancin birnin tun ƙarni na 19, suna aikin ƙarfi a layin dogo da kuma babbar mayankar dabbobi da ta yi aiki daga 1865 zuwa 1971. Waƙoƙinsu da yawa a kan irin waɗannan mutane suke: ma'aikaci, da gumin da yake zubarwa, da iyalin da yake ciyarwa, da bangaskiyar da ke riƙe da shi idan abubuwa suka ƙi.

Zauren da aka yi wasan mashaya ce da ke da dandamali a ƙuryarta, kuma ya kamata in faɗi wannan tun da wuri domin 'yan'uwa masu bi da za su yi tsammanin harabar majami'a ce. Ana sayar da giya a gefe guda. A bakin ƙofa ana duba katin shaida, wanda bai kai shekara 21 ba a yi masa alama a bayan hannu da alƙalami domin kada a sayar masa, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Kuɗin tikitin bai yi tsada ba, sai dai shafin da na saya a intanet ya ɗora wani kuɗin hidima a kai wanda ban ga hidimar da aka yi mini da shi ba. An buɗe ƙofa a kan lokaci, amma ƙananan ƙungiyoyin da ke share fage sun ci lokaci mai tsawo, kuma babu kujeru sai 'yan kaɗan a jikin bango, saboda haka ƙafafuna sun riga sun gaji kafin waɗanda na zo gani su fito.

Da suka hau, ba su tsaya dogon gaisuwa ba. Mai busa algaitar jaka, wato abin busar nan na mutanen Sikotlan da Ailan, shi ya fara shi kaɗai, sannan ganguna da jitoci suka faɗo a kansa lokaci guda, zauren ya motsa gaba ɗaya. Bahaushe ba zai ji wannan sauti baƙo ba, domin kusan muryar algaitar fada ce, mai kaifi da ba ta yankewa. Bambancin shi ne mai algaita a wurinmu a kumatunsa yake tara iska yana shaƙa ta hanci, shi kuwa wannan a jakar da ke ƙarƙashin hamatarsa yake tarawa, yana matsa ta da gwiwar hannu. A faifai sau da yawa ana rage muryar wannan abin busa a mayar da shi ado, amma a kan dandamali shi ne ke jan ragamar waƙar, jitoci suna bin bayansa. Akwai kuma mandolin, ƙaramin abin kaɗawa mai tsirkiya takwas, wanda ya kamata ya riƙa ratsa hayaniyar da siririyar muryarsa.

A nan ne babban ƙorafina yake, kuma a kan zauren yake. Na'urorin sautin wurin ba su iya ɗaukar kayan kiɗa masu yawa haka ba. A rabin farko na wasan mandolin ya ɓace sam, ina ganin yatsun mai kaɗawa suna gudu amma ba na jin komai, kuma muryar Tobin tana nutsewa a ƙarƙashin ganguna duk lokacin da waƙa ta yi sauri. Wanda bai haddace waƙoƙin ba tun daga gida ba zai tsinci ko jimla ɗaya ba, kuma wannan hasara ce ga ƙungiyar da kalmominta ke ɗauke da saƙonta. Sai can tsakiyar wasa mai kula da sauti ya daidaita abin, kuma na lura cewa idan mutum ya koma baya kusa da teburinsa, sautin ya fi fita da tsabta fiye da gaban dandamali. Ƙarar kuma ta wuce misali. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar ƙarar da kunne zai jure a ma'aunin desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 kawai ya rage. Irin waɗannan wasanni a ƙananan zaure kan kai wannan mataki, har su wuce. Na je da abin toshe kunne na roba, kuma shi ne abu mafi amfani da na sa a aljihuna a daren.

Tobin mutum ne dogo ƙwarai, wanda ke sa dandamalin ya zama kamar ya yi masa kaɗan, kuma muryarsa mai kaushi ce irin ta wanda ya saba magana a cikin ƙarar injina. Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne yadda yake tafiyar da taron. A irin wannan wasa tsakiyar zaure fili ne na turereniya, inda matasa ke gudu a da'ira suna bangazar juna da kafaɗa, kuma wanda ya hango daga nesa zai rantse faɗa ake yi. Akwai lokacin da ya sa jama'a suka rabu gida biyu, kowane ɓangare ya ja da baya zuwa bango, sannan da kiɗa ya tashi suka rugo suka haɗu a tsakiya. Kafin ya ba da alamar, sai da ya tunatar da su ƙa'idar da kowa ya sani a wannan fage, cewa duk wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, kuma a kula da ƙanana da mata da ke gefen da'irar. Na ga an bi wannan ƙa'ida da gaske. Wani yaro ya zame a kan jiƙaƙƙen daɓe, kafin ya kai ƙasa hannaye sun tare shi, wani ƙato mai zane a wuya da tozon gashi a tsakiyar kai ya tsaya a gabansa kamar katanga har ya miƙe. Wani kuma takalminsa ya fita, aka ɗaga shi sama ana nuna wa jama'a har mai shi ya zo ya karɓa. Ni ban shiga da'irar ba, shekaruna da gwiwoyina ba su ba ni izini ba, amma na tsaya a bakinta inda ake tura waɗanda suka fito su koma ciki, kuma ko a nan na sha gumi.

Tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini idan na ambaci wannan ƙungiya ita ce, ina Kiristancin yake a cikin wannan hargitsi? Na tashi a majami'a a arewacin Najeriya, inda ake shiga sujada da natsuwa da tufafi masu kyau, saboda haka na fahimci damuwar, kuma ba na raina mai ita. Abin da na gani shi ne, ba su yi wa'azi mai tsawo ba, ba su kira kowa ya fito gaba ya tuba ba, ba su kuma ɓoye abin da suka gaskata ba. Tsakanin waƙoƙi Tobin ya yi 'yar gajeriyar magana a kan bege da kuma darajar kowane mutum da ke cikin zauren, ya ambaci bangaskiyarsa a sarari, sannan ya koma kan jitarsa. Ban ji ashar daga dandamali ba, abin da ba kasafai ake samu a wasan pank ba. Taron kuwa gauraye yake: akwai iyaye da suka zo da 'ya'yansu matasa, akwai waɗanda daga ganinsu 'yan ƙungiyar matasan majami'a ne, akwai kuma tsofaffin 'yan pank da ba ruwansu da addini, waɗanda kiɗan kawai ya kawo su. Waɗannan makaɗa sun yi suna a bikin Cornerstone, babban taron kiɗan Kirista da al'ummar Jesus People USA ta Shikago ta riƙa shiryawa daga 1984 zuwa 2012, mafi yawan shekarun a wata gona kusa da garin Bushnell na jihar Illinois, kuma da sun so, da sun tsaya a cikin irin wannan taro inda kowa nasu ne. Sun zaɓi su riƙa yawo a mashaya da ƙananan zaure tare da ƙungiyoyin da ba na addini ba, kuma a ganina wannan zaɓi ne ya sa mutanen da ba za su taɓa taka ƙofar majami'a ba suke sauraronsu da girmamawa. Wanda ke neman a ciyar da shi da koyarwa mai zurfi zai fita da yunwa, domin ba wannan suka zo yi ba.

Kusa da ƙarshe suka yi waƙar da aka san su da ita a wasanninsu, tsohuwar waƙar sujadar nan ta Amazing Grace. Jama'a suka daina gudu, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar na kusa da shi, ko ya san shi ko bai san shi ba, aka rera baitin farko tare da algaitar jaka, sannan ganguna suka shigo da sauri aka ƙarasa ta da salon pank. John Newton ne ya rubuta ta a 1772, aka buga ta a 1779, kuma shi mutum ne da ya taɓa zama kyaftin na jirgin ruwan safarar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma kafin daga baya ya goyi bayan ɗan majalisar Birtaniya William Wilberforce a yaƙin hana cinikin, wanda majalisar Birtaniya ta haramta a 1807, shekarar da Newton ya rasu. A matsayina na ɗan Afirka ba na iya jin wannan waƙa ba tare da tuna wannan tarihi ba, kuma na yi mamakin yadda saurin kiɗan bai rage mata nauyi ba. Ina da ra'ayin cewa da sun bar baiti biyu a hankali kafin su tayar da ganguna, da ta fi shiga jiki, amma matasan da ke kusa da ni ba su nuna alamar suna da wannan ra'ayi ba.

Bayan an tashi, makaɗan sun sauko da kansu zuwa teburin sayar da riguna da faifai, suna gaisawa da mutane ba tare da masu gadi sun shiga tsakani ba. Ƙananan ƙungiyoyi irin wannan da cinikin teburin suke biyan kuɗin mai da masauki a kan hanya, domin abin da manhajojin sauraron waƙa ke biya ba ya taka kara ya karya, saboda haka na sayi riga da faifan Toil na 2012, wanda nake ganin shi ne ya fi dacewa da mai son fara sauraronsu. Rigar auduga ce mai kauri, kuma rubutunta bai kankare ba bayan wanki.

Zan sake zuwa idan suka dawo, amma zan fi so a ce a zaure ne mai ingantattun na'urori. Wanda zai je karo na farko ya sa takalmi rufaffe mai igiya, ya bar jaka da tabarau masu tsada a gida, ya ci abinci kafin ya fito, ya kuma karanta kalmomin waƙoƙin tun da wuri domin ba lallai ya ji su a wurin ba. Mai ciwon baya, da mace mai juna biyu, da wanda ya zo da yara ƙanana, su tsaya a baya kusa da teburin mai kula da sauti, inda babu turereniya kuma mandolin ke fita.