Yadda Aka Rufe Mini Wuya Bayan Tiyatar Maƙoƙo a Ingila

Assalamu alaikum Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kin tambaye ni yadda aikin ya gudana, musamman da yake likitoci sun ce Inna ma sai an cire mata nata maƙoƙon, don haka zan tsaya a kan ɗinkin da jinyar da ta biyo baya.

Yankan bai bambanta da na gida ba. A gicciye ake yin sa a ƙasan wuya, cikin layin da fata ta riga ta naɗe, kamar yadda Theodor Kocher, likitan fiɗa na Suwizalan da ya karɓi kyautar Nobel a 1909, ya saba yi. Bambancin yana wajen rufewa. Kin tuna lokacin da aka yi wa Goggo, baƙin zare ne a waje, da ɗan bututun da ke zuƙe jini, kuma sai da muka mayar da ita bayan mako guda aka warware ɗinkin. Ni kuwa da zare mai narkewa aka ɗinke ni ta ƙarƙashin fata, aka shafa gam a sama, wanda ya bushe ya riƙa ɓanɓarewa da kansa cikin kwana goma. Ba a saka mini bututu ba. Wata mata da muke ɗaki ɗaya kuma ƙananan maƙalan ƙarfe aka danna mata, aka cire su kafin a sallame ta, domin kowane likita da hannunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani ƙaramin akwati da suka ajiye a gefen gadona, mai ɗauke da almakashi da safar hannu. Da na tambaya, sai nas ta ce idan jini ya taru a cikin wuya yana iya toshe numfashi, kuma a ranar farko aka fi fargabarsa, don haka dole a iya buɗe ɗinkin nan take ba tare da jiran ɗakin tiyata ba. Wannan, a ganina, ya fi gam da zare muhimmanci, kuma ba ya buƙatar wani kayan aiki da babu shi a gida.

Kwana ɗaya na yi aka sallame ni. Muryata ta ɗan dishe, sannan leɓuna da yatsuna suka riƙa yi mini kamar kiyashi na bin su, alamar kalsiyam ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayoyinsa. Levothyroxine kuwa, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin da ƙullun wuya (thyroid) ke samarwa, zan riƙa sha har ƙarshen rayuwata tunda gaba ɗaya aka cire ƙullun, kuma bayan mako shida aka auna jinina don daidaita shi.

Inda na ga gazawarsu shi ne batun tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, wanda suke kira kiloyid, amma sai da na ɗaga maganar da bakina kafin aka ce in riƙa shafa man silikon bayan ciwon ya haɗe, in kuma kare wurin daga rana har shekara guda. Tunda hujin kunnen Inna ya taɓa yin irin wannan tudun, ki nuna wa likitanta shi tun kafin a sa ranar aiki.