Sipor ɗin mata masu ciwon sukari a unguwar Yantala ta Yamai, wata uku ke nan ina zuwa

Ni dai lokotoro ne ya matsa min, duk randa na kai mai sakamakon awo sai ya ce Hajiya, maganin sukarin nan Glucophage kaɗai ba zai yi miki aikin ba, ki samu ko minti 150 a sati kina motsa jiki. Na gwada zagayen filin wasa na Seyni Kountché ni kaɗai, kwana huɗu na bari. Maƙwabciyata ce ta ja ni wurin nan, mata zalla, jika biyar a wata, sau uku a sati bayan La'asar.

Gaskiya da farko ba ni da abin cewa. Kiɗa, tsalle-tsalle daidai ƙarfin tsofaffi, ga dariya. Sukarina na safe da yake kai giram 1,80 a litar jini yanzu yana yawo a 1,30, tansiyo ta ɗan sauka, ina barci kamar jaririya.

Amma abin da ya faru ranar Alhamis har yanzu yana ci min rai. Muna tsaka da yi, kuran ya ɗauke, ɗakin ya zama tanda, sai wata baiwar Allah da ke gabana ta fara rawar jiki, zufa sharkaf, magana ma ta harɗe. Allurar insulin take yi kuma ashe ba ta ci komi ba tun kalacin safe. Madam ɗin da ke koya mana sai cewa take a yi mata fifita, wai gajiya ce. Gajiya! Wurin da aka buɗe don masu sukari babu na'urar awo, babu ko ƙwayar sukari ɗaya a ajiye. Ni na ciro na'urata daga jaka, muka auna, 0,58. Ƙasa da 0,70 ai kowa ya san sukari ya faɗi. Wata inna Bazabarma ta kwance bakin zanenta ta fiddo sukari ƙwaya uku, muka jiƙa muka ba ta, bayan kamar minti 15 ta dawo hayyacinta tana tambayar ina kallabinta.

Na ce madam, don Allah ko tambayar mutane ki riƙa yi sun ci abinci kafin a fara. Ta ce to. Kuma na tuna ma, ba ta taɓa duba ƙafar kowa ba, wasu da silifas suke tsalle, mu da ƙaramin ciwo a ƙafa yake zama babbar magana.

Na biya na wannan watan, saboda matan nake komawa. Dabino da na'urata suna cikin jaka.