'Yar na'urar auna iska da na saya saboda tarin 'yata

Tun shigowar hunturu 'yata ke tashi da tari da asuba ƙirjinta har ƙara yake, shi ne wani abokina ya ce in nemi na'urar nan mai auna ƙura da danshi, ƙarama ce kamar agogon tebur da cajar waya ake cajinta. Wata biyu ke nan tana ɗakinmu a nan Kano.

Ni wallahi duk a tunanina da rana iska ta fi lalacewa, ashe ba haka ba ne. Bayan isha'i lambar PM2.5, wato ma'aunin ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke cikin iska, ke fara hawa, kafin asuba fitilar na'urar ta yi jawur, sai rana ta ɗaga sosai take saukowa. Abin da ke faruwa, da dare sama ba gajimare to ƙasa na saurin hucewa, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi kuma ta zauna a samanta kamar murfin tukunya, shi ke nan hayaƙin janareta da na masu ƙona bola da na 'yan jin ɗumi duk ba inda za shi, nan yake kwana tare da mu. Ranar nan da sassafe na hau bene na gani da idona, hayaƙin mai ƙosai ya tashi kaɗan sai ya baje a kwance kamar an shimfiɗa tabarma a saman gidaje.

Danshi ma haka, da asuba ya ɗan hau, da rana ya faɗo ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kada matsakaicin PM2.5 na yini ya wuce 15, mu kam mun wuce haka nesa ba kusa ba a kwanakin nan.

Matsalar na'urar batir, ba ya kai asuba in an ɗauke wuta sai na jona mata pawa bank, kuma ba ta bambance hayaƙi da ƙurar da ke tasowa daga yankin hamadar Bodele ta Chadi, ranar da hazo ya sauko ja kawai za ka gani har dare. Takardar bayanin ma da Sinanci take.

Amma dai ban yi asarar kuɗina ba. Yanzu daga magariba muke rufe taga sai bayan azahar a buɗe, na roƙi maƙwabta su daina cinna wa bola wuta da dare, 'yata kuma da takunkumi take tafiya makaranta. Tarin ya ragu Alhamdulillah.