Wace IC za ka saya don tsohon gem ɗinka ya yi magana?

Duk mai haɗa fanel da hannunsa don tsohuwar na'urar gem ta yi magana, a kan IC ɗin murya, wato ɗan guntun lantarkin nan mai ƙafafu da ke samar da magana, zai fara tsayawa. Ni dai tawa ita ce SP0256-AL2 ta kamfanin General Instrument.

'Yan gidansu, wato wasu nau'o'in SP0256, ne suka ba Intellivoice, akwatin murya na gem ɗin Intellivision, murya a 1982, haka ma The Voice, akwatin murya na gem ɗin Odyssey². Ƙafa 28 gare ta, tana cin bolt 5, kuma a cikinta akwai gutsattsarin sautin Turanci 59 da ɗan shiru iri 5. Kai ne za ka jera su ɗaya bayan ɗaya har kalma ta fito: ka tura lamba ta ƙafafu shida, ka taɓa ALD, ƙafar da ke sa ta karɓi lambar, ka jira LRQ, ƙafar da ke nuna ta shirya karɓar wata, ta ba ka hanya. Muryar a shaƙe take, kamar mai magana a cikin tulu, kuma wannan ita ce ainihin muryar wancan zamani. Ba ta san ƙ ko ɗ ba, amma ranar da ta ce min "sannu" sai da na taso ƙanena daga barci ya ji. Tana son kiristal, abin da ke saita mata saurin aiki, mai 3.12 MHz. In ka sa mai 3.58 za ta yi aiki, sai dai muryar ta sirance, ta riƙa sauri. Ka haɗa mata LM386, IC mai ƙara ƙarfin sauti, kafin lasifika.

SpeakJet, wadda ke cikin AtariVox, akwatin murya na gem ɗin Atari 2600, ta fi sauƙin haɗawa, amma muryarta ba ta kama ni ba. TMS5220 sai ka shirya mata bayanan magana tun farko. Votrax SC-01 ta cikin wasannin Gorf da Q*bert kuwa, samunta ma aiki ne.

Inda matsalar take shi ne jabu. An daɗe da daina ƙera SP0256, don haka wanda ya ce yana da ɗaruruwa sababbi fil a kan araha, ka ja baya. Na taɓa yin odar guda uku. Na liƙa ta farko da dalma kai tsaye, na ba ta wuta, shiru kake ji, sai zafi da ya kusa ƙona min yatsa. Kwana biyu ina zargin haɗina. Da na goga asiton a bayanta, irin na goge jan farce, audugar ta yi baƙi ƙirin, rubutun ya bi ta. Kankare wata IC aka yi, aka shafe, aka buga sabon suna.

Ka nemi hoton ainihin wadda za a turo maka, sama da ƙasa. Ka duba ƙarshen sunan da ke jikinta da kyau, domin mai 012 ko 019 ba AL2 ba ce, kalmomin wata na'ura ne a cikinta. Tambarin kamfanin Microchip kaɗai ba alamar jabu ba ne, su suka gaji sashen daga General Instrument. Kuma don Allah ka sa soket mai ƙafa 28 a fanel ɗin, yadda in ta bogi ce za ka zare ta ba tare da ka lalata layin tagulla ba.